Wataƙila: Tarihin Shafin da Na'ura Ta Riƙe

Kwamfuta ba ta saba cewa "wataƙila" ba. Abinta ko i ko a'a, ko ɗaya ko sifili. Amma a cikin kanel ɗin Linux, wato ƙashin bayan tsarin da ke tafiyar da kowace wayar Android da galibin manyan kwamfutocin da intanet ke zaune a kansu, an shigar da wani ɗan aiki a shekarar 2020 mai suna page_maybe_dma_pinned, kuma kalma ta biyu a sunan nan ma'anarta ke nan: wataƙila. Tambaya ɗaya yake amsawa: shin akwai na'urar da ke riƙe da wannan shafi na ƙwaƙwalwa? In ya ce babu, to babu ɗin ne. In ya ce akwai, mai yiwuwa akwai, mai yiwuwa kuma ya yi kuskure. Waɗanda suka rubuta shi ba ragwaye ba ne, suna cikin mutanen da suka fi kowa sanin wannan fanni. Gado suka tarar wanda aka yi shekara arba'in da ɗoriya ana tarawa, kuma "wataƙila" ce iyakar gaskiyar da za su iya faɗa ba tare da sun rushe gidan ba.

Sai an fara sanin shafi. Kanel yana yanka ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, wadda ake kira RAM, gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa bayit 4096 a yawancin injuna. Gunduwar nan ita ce shafi. Manhajar da ke gudana ba ta san ainihin inda shafukanta suke ba. Adireshin da take gani na aro ne, akwai jadawali a tsakani da ke fassara shi zuwa ainihin wurin, kuma alƙalamin jadawalin yana hannun kanel. Shi ya sa yake iya ɗauke shafi ya mayar da shi wani wuri, ko ya kwashe shi zuwa faifai in wuri ya yi ƙaranci, ko ya hana rubutu a kansa na ɗan lokaci. Idan manhaja ta miƙa hannu ga shafin da aka taɓa, sai furosesa ta yi tuntuɓe, ta tsaya cak, ta kira kanel. Ya gyara abin da zai gyara, manhaja ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Duk ikon da kanel yake da shi a kan ƙwaƙwalwa daga wannan tuntuɓen ya samo shi.

Na'urori kuwa, galibinsu, ba sa tuntuɓe. Faifai, katin sadarwa, katin hoto, kyamara, duk suna zuba bayanai cikin ƙwaƙwalwa kai tsaye ba tare da bi ta hannun furosesa ba, abin da ake taƙaitawa da DMA. Ɓangaren kanel da ke kula da na'ura, wanda ake kira direba, shi ke miƙa mata adireshi ya ce ta zuba a nan. Da ya miƙa, magana ta ƙare. Ka ɗauka mai tirela ne aka ba lambar shago a kasuwa aka ce ya sauke siminti a can. Yana kan hanya sai mai shagunan ya tashi ɗan hayar ya zuba mai sayar da atamfa. Mai tirela bai ji ba, ba kuma zai tambaya ba. Lambar da aka ba shi zai bi, simintin kuma a kan atamfa zai sauka.

Dabarar da aka jingina da ita don hana wannan ta girmi Linux da shekara 31. A Disambar 1960 George Collins, masanin lissafi da ke aiki a IBM, ya wallafa maƙala a mujallar Communications of the ACM. Damuwarsa ba na'ura ba ce, jerin bayanai ne da ke tarayya a wasu sassa: yaushe za a goge sashe alhali ba a san ko wani jerin na bukatarsa ba? Amsarsa ita ce a liƙa wa kowane abu ƙidaya. Wanda ya kama ya ƙara ɗaya, wanda ya saki ya rage ɗaya, wanda ragewarsa ta kai ƙidayar sifili shi ke share wurin. Ba a bukatar sarki mai lura da kowa. A cikin shekarun nan ne kuma Edsger Dijkstra a Eindhoven ta ƙasar Holan ya tsara hanyar da ayyuka masu gudana lokaci guda za su riƙa jiran juna a bakin ƙofa, tushen makullan da kanel ke amfani da su har yau. Ƙidaya tana cewa abu yana raye, makulli yana cewa wane ne ke da damar taɓa shi yanzu. Tambayoyi biyu ne daban, kuma rikici mai yawa ya biyo bayan ɗaukar amsar ɗaya a matsayin ta ɗayar.

Unix bugu na shida, na 1975, wanda John Lions na Jami'ar New South Wales a Ostareliya ya yi wa sharhi layi-layi don ɗalibansa, ya magance matsalar mai tirela da ƙarfin tuwo. A kan injin PDP-11 ba shafi-shafi ake kwashewa zuwa faifai ba, manhaja sukutum ake ɗaukewa. To idan za a yi karatu kai tsaye daga na'ura zuwa cikin manhaja, sai wani aiki mai suna physio ya ɗora wa manhajar alamar SLOCK, mai kwashewa kuma in ya ga alamar sai ya wuce ta. Na'ura na gamawa a cire. Furosesa ɗaya ce tak, saboda haka in kanel ba ya son na'ura ta katse shi yana tsakiyar aiki, sai ya toshe katsewar na ɗan lokaci. Abin da ya sa wannan ya wadatar shi ne riƙon gajere ne, ana sanin farkonsa da ƙarshensa, kuma alamar tana faɗin dalilinta ƙarara.

Linux na farko, wanda Linus Torvalds ya saki daga Helsinki a 1991, shafi-shafi yake aiki, kuma ga kowane shafi ya ajiye lamba ɗaya a wani jeri mai suna mem_map. Ƙidayar Collins ce tsagwaronta. Babban amfaninta a lokacin shi ne haihuwar manhaja. A Unix manhaja tana haifar 'yarta ta hanyar kiran fork, 'yar kuma ta fito da kwafin ƙwaƙwalwar uwar. Kwafe komai nan take ɓarnar lokaci ne, sai a bar su su yi tarayya a shafukan, a ƙara ƙidaya, a hana su biyun rubutu. Duk wadda ta fara yunƙurin rubutu za ta yi tuntuɓe, kanel ya duba ƙidaya: in ɗaya ce, shafin nata ne ita kaɗai, a buɗe mata, in ta fi ɗaya, a yi mata kwafi nata na kanta. Mai karatu ya riƙe wannan 'yar ƙa'ida, domin za ta dawo bayan shekara 29 ta tada ƙura.

Zaman lafiyar furosesa ɗaya ya ƙare da Linux 2.0 a 1996, lokacin da aka fara tafiyar da furosesa da yawa a inji guda. Toshe katsewa a kan ɗaya ba ya hana ta biyu shigowa. Da farko an rataya ƙaton kwaɗo guda a ƙofar kanel gaba ɗaya, mai shiga ɗaya a lokaci guda, kuma sai 2011, a bugu na 2.6.39, Arnd Bergmann ya cire ragowarsa ta ƙarshe. A tsakanin nan aka yi ta maye gurbinsa da ƙananan makullai, aka kuma mayar da ƙara ɗaya da rage ɗaya aikin da furosesa ke yi a numfashi guda, yadda biyu ba za su yi karo a kan lamba ɗaya ba. Duk da haka akwai rige-rigen da wannan bai hana ba, kuma shi ne wanda ya fi cin mutane. Furosesa ta farko ta rage ƙidaya zuwa sifili ta juya za ta share abu. A daidai wannan ƙiftawar ido ta biyu ta tsinto abin a cikin jeri ta ƙara ɗaya, tana murna ta kama. Abin da ta kama gawa ce. Magani shi ne ko dai a yi nema da sakin ƙarshe ƙarƙashin makulli ɗaya, ko a ce "ƙara ɗaya sai dai in sifili ce", a kuma jinkirta sharewa har duk masu leƙe su wuce. Wannan jinkirin shi ne RCU, aikin da Paul McKenney ya kawo daga kamfanin Sequent, wanda ya shiga Linux a 2002.

Direbobi ma sun sami nasu darasin da zuwan USB. A da galibin na'urori ba sa barin inji sai an kashe shi. Yanzu mutum na iya fizge kyamara alhali manhaja na tsakiyar karɓar hoto daga gare ta. Na'ura ta tafi, amma bayanan da direba ya ajiye game da ita dole su rayu har sai mai riƙo na ƙarshe ya saki. Patrick Mochel ya gina sabon tsarin na'urori da ya fito a Linux 2.6 a Disambar 2003, Greg Kroah-Hartman kuma ya tace ƙidayar da ke cikinsa ya fitar da ita ita kaɗai da sunan kref a 2004, don kowane marubucin direba ya daina ƙirƙirar tasa yana maimaita kuskuren na gabansa.

Yanzu mu koma kan shafi, inda labarin ya fi zafi. Manyan rumbunan bayanai irin su Oracle suna son faifai ya zuba kaya kai tsaye cikin ƙwaƙwalwarsu ba tare da an yada zango a ma'ajiyar kanel ba. Linux 2.4.10 na 2001 ya ba su wannan da O_DIRECT. A zamanin nan ne aikin da ake kira get_user_pages ya zama ƙofar da kowa ke bi: direba ya ba shi adireshin aro na manhaja, shi kuma ya nemo ainihin shafukan, ya ƙara wa kowanne ɗaya a ƙidaya, ya miƙa. Shafin da ƙidayarsa ta haura abin da kanel ke tsammani ba ya kwasuwa, ba ya ƙaura, ba ya saku. An ɗaure shi a turke ke nan. Sai dai a lura da bambancinsa da SLOCK ta 1975: wannan ɗayan da aka ƙara ba ta da wata alama. Daidai take da ɗayan da wani sashen kanel ya ƙara don ya leƙa shafin na ɗan lokaci kaɗan ya saki.

Muddin riƙon na karatun faifai ne, wanda ke ƙarewa kafin ka ƙifta ido, abin bai cika fitowa fili ba. Sai ga InfiniBand da fasahar RDMA, wadda ta shiga Linux a 2005, inda katin sadarwa na wata kwamfuta ke rubutu kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar wata. Manhaja takan yi rajistar yanki mai girma tun da farko, katin ya haddace adireshinsa, riƙon kuma ya daɗe kwanaki ko watanni. Katunan hoto da na ɗaukar bidiyo suka bi sahu. Ƙofar da aka yi don mai shiga ya fito nan take ta zama ɗakin kwana.

Alamar farko ta bayyana wurin haihuwa. Uwa ta ɗaure shafi ta ba na'ura, sannan ta haihu. Shafin ya zama na tarayya, an hana rubutu. Uwar ta taɓa shi, aka yi mata sabon kwafi, tsohon ya zauna wurin 'ya. Na'ura kuwa tsohon adireshi ta sani, sai ta zuba kayan uwa a ɗakin 'ya, uwa na can tana jiran abin da ba zai zo ba. Ba a gyara tushen ba a lokacin. An ba masu RDMA wata hanya a 2006, MADV_DONTFORK, ta cewa kada 'ya ta gaji wannan yanki, aka kuma rubuta gargaɗi a littafin jagora cewa kada a haɗa O_DIRECT da fork a lokaci guda. A 2008 Andrea Arcangeli ya kawo abin da, a ganina, shi ne amsa mafi tsabta a duk tarihin nan: mmu_notifier, wato kanel ya riƙa aika wa mai riƙo saƙo cewa zan taɓa wannan shafi, janye hannunka. An yi shi ne don KVM, sashen Linux mai gudanar da kwamfutar kwaikwayo a cikin ta gaske, kuma yana aiki lafiya ga duk wanda ke iya janyewa. Matsalar ita ce yawancin na'urori ba a ƙera su da kunnen jin wannan saƙo ba. A shekarar ce kuma Nick Piggin ya ƙara hanyar gaggawa ta kama shafi ba tare da ɗaukar makulli ko ɗaya ba, wadda ta ƙara sauri ƙwarai, ta kuma sa duk gyaran da zai biyo baya ya ninka wuya, domin babu ƙofar da za a tsaya a tare mai kamawa.

Shekarar 2016 ta nuna cewa kuskuren ƙidaya ba faɗuwar inji kaɗai yake jawowa ba, har ɓarawo yana shigowa ta nan. A Janairu kamfanin Perception Point ya bayyana wani aibi a sashen ajiyar mabuɗan sirri na kanel: akwai hanyar da ake ƙara ɗaya a manta ba a rage ba. Ƙidayar bit 32 ce, saboda haka in aka maimaita sau biliyan huɗu da ɗoriya sai ta kewayo sifili kamar mitar tsohuwar mota, kanel ya saki abin da ake riƙe da shi, maharin ya cusa nasa a gurbin. A Oktoba kuma sai ga Dirty COW, wanda Phil Oester ya gano bayan an kai wa wata kwamfutarsa hari da shi. Rige-rige ne a cikin get_user_pages kansa, da ke ba kowane ɗan ƙaramin mai amfani damar rubutu a fayil ɗin da karatu kawai aka yarje masa, kuma ya shafi wayoyin Android. Torvalds ya rubuta da kansa cewa ya taɓa yunƙurin gyara shi shekara 11 kafin nan, aka warware gyaran saboda ya ɓata wa injunan s390 na IBM aiki.

Amsar matsalar mita ita ce refcount_t, da ta shiga Linux 4.11 a 2017. Tunanin ya samo asali daga wani aikin tsaron kanel mai suna PaX, Peter Zijlstra ya rubuta ta, Elena Reshetova ta Intel da Kees Cook suka bi kanel lungu-lungu suna sauya tsofaffin ƙidayoyi. Ƙa'idarta: in ƙidaya ta kai ƙololuwa sai ta maƙale a can, ba ta ƙara motsi, abin kuma ba za a taɓa sakinsa ba. An zaɓi asarar ɗan wuri a kan buɗe wa ɓarawo ƙofa, kuma zaɓi ne na hankali. Ƙidayar shafi ba ta shiga wannan sauyi ba, sai da Jann Horn na Google ya nuna a 2019 cewa a injin da ke da RAM kimanin gigabayit 140 ita ma ana iya kewayo da ita, aka toshe a bugu na 5.1.

Amma abin da ya tilasta a dubi turken kansa ya faru ne a 2018. Jan Kara na kamfanin SUSE ya bi diddigin wasu injuna da ke faɗuwa a cikin tsarin fayil na ext4, kuma a watan Afrilu ya kai maganar taron masu ƙwaƙwalwa da masu tsarin fayil a Park City ta jihar Utah a Amurka. Ga yadda abin yake. Manhaja ta shimfiɗa fayil a ƙwaƙwalwarta, ta ba na'ura shafukan. Tsarin fayil yana da al'adarsa: lokaci-lokaci yakan rubuta shafin da ya canza zuwa faifai, ya ce yanzu shafin nan tsaf yake, ya hana rubutu a kansa, har ma ya watsar da 'yan bayanan da ke nuna inda shafin ke sauka a faifai. Ya yi haka ne da yaƙinin cewa ba mai iya sake taɓa shafin sai ya yi tuntuɓe, tuntuɓen kuma zai ba shi damar sake shiri. Na'ura ba ta san da wannan yarjejeniya ba. Ta rubuta abinta, direba ya zo daga baya ya ce shafin nan ya canza, ext4 ya tashi zai rubuta shi ya tarar babu shirin komai, sai kanel ya tsaya. Inda bai tsaya ba ma akwai ɓarna a ɓoye: tsarin da ke lissafa hatimin tantance bayanai kafin rubutawa, kamar Btrfs ko RAID, zai iya lissafawa, na'ura ta canza shafin a tsakani, abin da ya sauka a faifai ya saɓa wa hatiminsa.

Ba wanda ya karya doka a nan, kuma wannan ne ya sa abin ya yi ciwo. Direba ya bi abin da aka koya masa shekara da shekaru. Tsarin fayil ma haka. Ƙidayar da ke tsakaninsu ce ba ta iya faɗin abin da ake bukatar ji ba. Ta ce akwai masu riƙo uku, ba ta ce ɗaya daga cikinsu na'ura ce mai rubutu ba.

John Hubbard na NVIDIA ya ɗauki aikin, ya kuma yi kusan shekara biyu a kansa. Amsar da kowa zai fara kawowa ita ce a ƙara ƙidaya ta biyu don turke kaɗai. Ba wuri. Bayanin da kanel ke ajiyewa game da kowane shafi bayit 64 ne, an cusa shi maƙil, kuma tun a haka yana cin fiye da kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na dukan RAM ɗin inji. Ƙara masa ko kaɗan haraji ne a kan kowace waya da kowace kwamfuta a duniya. An gwada dabaru an watsar. Wadda ta tsira ita ce a raba ƙofa biyu. Mai son taɓa abin da ke cikin shafi ta hanyar na'ura ya bi ta pin_user_pages, wanda ya shiga Linux 5.6 a Maris 2020, ya kuma saki ta unpin_user_pages. Daga 5.7 wannan sabuwar ƙofa ba ɗaya take ƙarawa a ƙidaya ba, 1024 take ƙarawa. Duk shafin da ƙidayarsa ta kai 1024, ana zaton yana turke.

Daga nan "wataƙila" ta fito. Shafin da manhajoji sama da dubu ke tarayya a kansa, kamar na babban kundin ayyukan harshen C da kusan kowace manhaja ke jingina da shi, zai iya kai wannan adadi ba tare da wata na'ura ta kusance shi ba. An karɓi wannan da ido buɗe, bisa sharaɗin cewa duk mai tambaya ya zama wanda amsar i ta ƙarya ba za ta cutar da shi ba, iyaka ta sa shi aikin da ba dole ba. Wasu na ganin dabarar faci ce. Faci ce kuwa, amma ina ganin darajarta tana wurin da ba a cika dubawa ba: sai da Hubbard da abokan aikinsa suka bi wuraren da ake kiran tsohuwar ƙofa ɗaya bayan ɗaya, a direbobin RDMA da na bidiyo da sauransu, suna tambayar kowanne me yake yi da shafin. Tambayar da aka yi shekara kusan ashirin ba a yi ba ke nan.

Ana cikin haka sai Jann Horn ya sake ɓullowa a 2020 da wata fuskar matsalar. 'Ya ta kama shafin tarayya ta hanyar wani kira mai suna vmsplice, sannan ta cire shi daga jadawalinta. Kanel na lokacin yana duba yawan jadawalin da ke nuni ga shafi ne, sai ya ga saura na uwa kaɗai, ya bar ta ta yi rubutu a wurin ba kwafi. 'Ya kuwa tana riƙe da igiya ta bayan gida, tana karanta duk abin da uwa ta rubuta. A Android wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kowace manhajar waya daga uwa ɗaya ake haifarta, wadda ake kira zygote. Torvalds ya yi gyara a 5.8, gyaran ya taka wasu, sai a 5.9 ya koma ga ƙa'idarsa ta 1991: in ƙidayar shafi ba ɗaya ba ce, a kwafa. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Shafin da ke turke ƙidayarsa ba ta taɓa zama ɗaya, saboda haka bayan haihuwa kullum sai a raba uwa da shafin da na'urarta ke rubutu a kai. Jason Gunthorpe, mai kula da sashen RDMA, ya kawo ƙara tun kafin bugun ya fita. Peter Xu na Red Hat ya rubuta maganin: a lokacin haihuwar, duk shafin da ake zaton yana turke a yi wa 'ya kwafinsa nan take, a bar wa uwa na asali. Ɗan aikin nan mai cewa wataƙila shi aka tambaya, kuma nan aka ga amfanin sharaɗin: in ya yi kuskure, an dai yi kwafi ɗaya a banza.

Tsugune ba ta ƙare ba sai da David Hildenbrand, shi ma na Red Hat a lokacin, ya sake tsara lamarin a 5.19 na Yulin 2022. Ya sa wa shafi alamar cewa na manhaja ɗaya ne ita kaɗai, ya kafa doka cewa sai mai wannan alama ake ɗaurewa a turke, kuma wanda ke turke ba a sake sa shi cikin tarayya. In ana son ɗaure na tarayya, a fara raba shi tukuna. Da wannan aka rufe babin shafukan da ba su da alaƙa da fayil.

Na fayil kuwa, wato ainihin ƙarar Jan Kara, sun fi taurin kai, domin a nan bukatu biyu ne na gaskiya suka yi karo. Masu tsarin fayil suna cewa dole su iya karɓe shafi in an gajarta fayil ko an goge shi, ba za su jira watanni ba. Masu RDMA suna cewa katunan da ke hannun mutane ba su san yadda ake mayar da abin da aka ba su ba, in ka fizge ka kashe aikin. Ira Weiny na Intel ya kawo shawarar yarjejeniyar haya tsakanin ɓangarorin a 2019, ba ta shiga ba. A 2022 Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya sauya faɗuwar zuwa gargaɗi: in aka iske shafin da aka canza ba tare da an sanar da ext4 ba, sai a rubuta kashedi a wuce shi. Inji ya tsira, abin da na'ura ta rubuta kuma bai isa faifai ba. A Linux 6.5 na Agustan 2023, facin Lorenzo Stoakes ya sa kanel ya fara ƙin doguwar ɗaura ta rubutu a kan shafin fayil ɗin da tsarinsa ke bukatar sanin duk canji; mai nema sai a mayar masa da kuskure tun a bakin ƙofa. A bugun nan ne kuma aikin David Howells da Christoph Hellwig ya mayar da karatu da rubutun faifai na kai tsaye kan sabuwar ƙofar turke, shekara 22 bayan O_DIRECT.

Ɗan aikin da muka fara da shi ya sauya suna bayan Matthew Wilcox ya shigo da folio a 5.16, wato ƙunshin shafuka da ake sarrafawa a matsayin abu ɗaya. Yanzu folio_maybe_dma_pinned ake ce masa. Babban ƙunshi yana da sararin da shafi guda ba shi da shi, saboda haka an ba shi ƙidayar turke tasa ta daban, kuma amsarsa tabbatacciya ce. Shafi guda mai bayit 4096 kuwa har yanzu 1024 ake ƙara masa.